Shin Labarin da Muka Gada Zai Iya Zama Hujjar Imani?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata tambaya ce da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, yanzu kuma ta shigo har cikin ɗakunanmu ta wayar hannu. Ga tambayar: ke ba ki ga Manzon Allah (SAW) ba, mahaifiyarki ba ta gan shi ba, kakarki ma haka. Ya yi wafati a shekarar 632 miladiyya, kusan shekara 1,400 ke nan. Duk abin da kika sani game da shi, wani ne ya gaya wa wani har ya iso gare ki. To yaya za a yi mai hankali ya ɗora imaninsa, da sallarsa, da aurensa, da rabon gadonsa a kan "wane ya ce wane ya ce"?

Kada ki ce wannan magana ce ta malamai, ba ta shafe ki ba. Ranar da ɗanki zai dawo daga makaranta a Gumel ko Dutse ko Kano da wannan tambaya a bakinsa, ke ce zai fara tarar wa a gida. In kika ce masa "rufe mini baki" kawai, zai rufe bakin, amma tambayar za ta zauna a zuciyarsa.

Daga ina maganar ta fito?

A ƙasar Hausa mun san mutanen da jama'a ke kira 'yan ƙala-ƙato. Sunan daga kalmar Larabci ta "ƙala" yake, wato "ya ce", sai aka haɗa da "ƙato". Abin nufi, hadisi maganar wani ƙato ce kawai, su Alƙur'ani kaɗai suka yarda da shi. Akwai kuma 'yan boko masu irin wannan ra'ayi, waɗanda ke kiran kansu Ƙur'aniyyun.

Ra'ayin ba sabo ba ne. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan hijira, ya rubuta muhawarar da ya yi da mai ƙin karɓar hadisi a littafinsa Jima'ul Ilmi. Malaman usulu irin su Imam Gazali sun ambaci wasu mutane da ake kira Sumaniyya, waɗanda suka ce babu sani sai abin da gaɓoɓi suka riska. A Turai kuma, wani masanin falsafa ɗan Sikotlan mai suna David Hume ya yi rubutu a 1748 cewa in an ba ka labarin mu'ujiza, kuskure ko ƙaryar mai ba da labarin ya fi kusa da hankali fiye da faruwar abin. Daga baya Ignaz Goldziher a 1890 da Joseph Schacht a 1950 suka ce yawancin hadisai an ƙirƙire su ne bayan zamanin Annabi (SAW). Kin ga tambaya ɗaya ce, riga kawai take canzawa.

Gani ya kori ji, amma wa ke rayuwa da gani kaɗai?

Mu fara da ke kanki, uwargida. Ranar ɗaurin aurenki kina ina? Kina ƙuryar ɗaki cikin ƙawaye, an lulluɓe ki. Waliyyinki da wakilin ango da shaidu suna ƙofar gida ko masallaci. Ba ki ji siga da kunnenki ba, ba ki ga an miƙa sadaki ba. Labari aka shigo da shi, aka rangaɗa guɗa, kika tare. Yau ga 'ya'ya, wata ma ga jikoki. Kin taɓa shakkar cewa an ɗaura?

Haka nan babu wadda ta shaida ranar haihuwarta. Ungozoma da dangi da maƙwabta suka ce wannan ce ta haife ki, a kan haka kike mata biyayya, a kan haka za ki gaje ta. Yarinyar da aka haifa a Gagarawa ko Sule Tankarkar bayan farin 1973 ba ta ga yadda dabbobi suka mutu da yadda hatsi ya yi wuya ba, amma ba ta musun an yi, don ta ji daga tsofaffi barkatai waɗanda ba su haɗa baki ba. Wadda ba ta taɓa sauke farali ba ta san akwai Makka kamar yadda ta san akwai Maigatari.

Azumi ma haka ne. Mu nawa ne muka taɓa ganin jinjirin watan Ramadan da idonmu? Wasu ne ke gani, a tantance su, a kai labari Sakkwato, Mai alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, miliyoyin mutane su tashi sahur.

Saboda haka wanda ya ce ba ya karɓar komai sai abin da ya gani, bai san mahaifinsa ba ke nan, bai kuma san shekarunsa ba. Abin tambaya na gaskiya shi ne: wane labari ake karɓa, kuma da wane ma'auni?

Labari hawa-hawa ne

Alƙur'ani da kansa bai yarda da karɓar kowane labari ba. A Suratul Hujurat aya ta 6 an umarce mu da yin bincike in fasiƙi ya zo da labari. A Suratul Baƙara aya ta 170 an zargi masu cewa su dai abin da suka tarar iyayensu na yi za su bi. Ashe "haka muka gada" ita kaɗai ba hujja ba ce.

Malamai sun kasa labari kashi biyu. Na farko shi ne mutawatiri, kuma yana da sharuɗɗa:

1. Masu ba da shi su yi yawan da a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba.
2. Wannan yawan ya kasance a kowane zamani, tun daga farko har ƙarshe.
3. Mutanen farko su zama sun gani ne da ido ko sun ji da kunne.

Ki lura da sharaɗi na biyu da na uku, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kowane Bahaushe ya san labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Masu ba da shi a yau miliyoyi ne. Amma in kika bi shi baya, ba za ki tarar da jerin sunayen waɗanda suka karɓo shi daga wanda ya gani da ido ba. Muna girmama shi a matsayin tarihin baka na kakanni, amma ba a gina hukunci a kansa. Alƙur'ani kuwa, da yawan raka'o'in salloli biyar, da azumin Ramadan, da siffar aikin hajji, jama'a ne suka karɓa daga jama'a tun daga sahabbai. Irin wannan labari yana ba da yaƙini.

Kashi na biyu shi ne ahad, wato wanda bai kai wancan yawa ba, kuma mafi yawan hadisai a nan suke. In ya inganta wajibi ne a yi aiki da shi. Mutanen Ƙuba suna cikin sallar asuba mutum ɗaya ya zo ya ce an juya alƙibla zuwa Ka'aba, nan take suka juya ba su yanke sallar ba. Malamai sun yi saɓani a kan ko irin wannan yana ba da yaƙini ko kuwa rinjayen zato mai ƙarfi. Da yawa daga malaman usulu sun tafi a kan na biyu, Ibn Hazm ya tafi a kan na farko, Ibn Salah kuma ya ce abin da ke cikin Bukhari da Muslim wanda al'umma ta karɓa yana ba da sani. Wannan saɓani ne na masana, ba abin raba zumunci ba.

Rariyar da aka tace hadisi da ita

Tacewar tun zamanin sahabbai aka fara ta. Wata kaka ta zo wa Sayyidina Abubakar (RA) tana neman rabonta na gado. Ya ce bai san mata wani kaso a Littafin Allah ba, sai ya tambayi mutane. Mugira ɗan Shu'uba ya ce yana nan Annabi (SAW) ya ba kaka ɗaya bisa shida. Abubakar ya nemi ko akwai wani da ya shaida, Muhammadu ɗan Maslama ya tashi ya tabbatar, sannan aka ba ta. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Sudusin da kakanni ke karɓa a rabon gado har gobe, da wannan shaida ya tabbata.

Uwar Muminai A'isha (RA) ta yi fice wajen gyara ruwaya. Da aka gaya mata Abdullahi ɗan Umar yana ruwaito cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, ba ta ƙaryata shi ba, sai ta ce ji ne yakan yi kuskure, ta kawo ayar da ke nuna babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Imam Zarkashi ya tara irin waɗannan gyare-gyare nata a littafi guda mai suna Al-Ijaba.

Bayan fitinar da ta auku tsakanin Musulmi, sai aka tsananta. Muhammadu ɗan Sirin, wanda ya rasu a 110 bayan hijira, ya ba da labarin cewa daga lokacin ne aka fara cewa mai hadisi ya faɗi sunayen waɗanda ya ji daga gare su. Wannan jerin sunaye shi ake kira isnadi.

Ki ɗauki misali da kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Maigida ba zai sayi saniya daga baƙon da ba wanda ya sani ba. Sai da dillalin da ya san mai ita, ya san garinsu, wanda in ta fito ta sata za a kama shi. Bayan haka kuma sai an duba saniyar kanta, haƙori da ƙafa da ido. Haka malaman hadisi suka yi, suka sa sharuɗɗa biyar kafin a ce hadisi sahihi ne:

1. Sarƙar ta haɗu, kowa ya ji daga wanda ke gabansa.
2. Kowane mai ruwaya adali ne, ba a san shi da ƙarya ko fasiƙanci ba.
3. Mai kiyayewa ne, a ka ko a rubuce.
4. Bai saɓa wa waɗanda suka fi shi kiyayewa ba.
5. Babu wata ɓoyayyiyar illa a ciki.

Ba su kuma yi sani ko sabo ba. Aliyu ɗan Madini, malamin Bukhari, ya raunana mahaifinsa a ruwaya. Zaidu ɗan Abi Unaisa ya hana mutane karɓa daga ɗan uwansa na jini. In ana ce miki ai akwai hadisan ƙarya, ki ce haka ne, kuma malaman hadisi ne suka fara tona su. Su suka kama Nuhu ɗan Abi Maryam da ya ƙirƙiri falalar surori wai don ya jawo mutane ga karatu. Ibn Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan hijira, littafi guda ya yi a kan hadisan ƙarya kaɗai. Samun jabun kuɗi a kasuwa bai sa an daina karɓar kuɗi ba, ya dai sa ana ɗagawa a duba.

"Ai sai bayan shekara 200 aka rubuta"

Wannan ita ce babbar sandar masu musu, don Imam Bukhari ya rasu a 256 bayan hijira, Imam Muslim a 261. Sai dai Bukhari ba shi ya fara rubutu ba, tattarawa ya yi ya tace. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yana rubuta hadisi tun Annabi (SAW) yana raye, da izininsa. Hammamu ɗan Munabbih ya rubuta hadisai 138 daga bakin Abu Huraira. Dakta Muhammad Hamidullah ya gano kofen wannan takarda a Dimashƙa da Balin, ya buga ta a 1953, aka gwada ta da abin da ke cikin Musnadin Imam Ahmad aka tarar sun dace. Dakta Mustafa A'azami kuma ya fitar da littafi a 1968 yana lissafa rubuce-rubucen sahabbai da tabi'ai, yana mayar wa Schacht martani.

Tazarar ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya ji daga Nafi'u, Nafi'u ya ji daga Abdullahi ɗan Umar, shi kuma daga Annabi (SAW). Mutum biyu ke nan a tsakani, kamar ki ce kakata ta ji daga kakarta. A cikin Bukhari akwai hadisai 22 da mutum uku ne kacal tsakaninsa da Annabi (SAW).

Ga kuma tambayar da ya dace a yi wa mai cewa shi Alƙur'ani kaɗai, cikin ladabi: Alƙur'anin ta wace hanya ya iso maka? Karatun da alarammominmu ke biya wa almajirai a tsangayu ruwayar Warshu ce daga Nafi'u na Madina, wani Nafi'un daban da malamin Malik. Warshu ya rasu a 197 bayan hijira. Wanda ake koyarwa a yawancin Islamiyyu kuma ruwayar Hafsu ce daga Asim. Su ma mutane ne suka karɓa daga mutane. Al'ummar da ta riƙo Alƙur'ani ita ce ta riƙo yadda ake salla. In an ce duk abin da ya biyo ta hannun mutane a zubar, to da me za a san azahar raka'a huɗu ce, magariba uku? Babu wannan lissafi a cikin ayoyi.

Binciken zamani ma ya ƙara wa mai imani natsuwa. A 2015 Jami'ar Birmingham da ke Ingila ta sanar da sakamakon awon wasu warƙoƙi biyu na fata masu ɗauke da ayoyi daga surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha. Awon ya nuna fatar ta fito ne tsakanin 568 da 645 miladiyya, ayoyin kuma su ne waɗanda muke karantawa yau.

Mata a cikin wannan sarƙa

'Yar uwa, wannan amana da hannun mata a ciki dumu-dumu. Takardun Alƙur'ani da aka tara a zamanin Abubakar, a ɗakin Uwar Muminai Hafsa aka ajiye su bayan rasuwar Umar, daga wurinta Usman ya aro aka kwafa. A'isha ta ruwaito hadisai 2,210, Ummu Salama 378. Da ba don su ba, ina za mu san hukuncin wanka da jinin al'ada da zaman Annabi (SAW) da iyalinsa? A fagen ruwayar hadisi maganar mace ɗaya amintacciya daidai take da ta namiji. Uƙuba ɗan Haris ya yi aure, wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da amaryar, Annabi (SAW) ya umarce shi ya rabu da ita.

Karimatu 'yar Ahmad Almarwaziyya, wadda ta rasu a Makka a 463 bayan hijira, manyan malamai irin su Khaɗib na Bagadaza sun karanta Bukhari a gabanta. Imam Zahabi, bayan ya gama tona asirin maƙaryata, ya ce bai san wata mace mai ruwaya da aka tuhuma da ƙarya ba. A 2021 aka buga aikin Dakta Muhammad Akram Nadwi mai juzu'i 43 a kan mata malaman hadisi, kimanin su 10,000.

A ƙasarmu ma ba a bar isnadi ba. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukh yana lissafa malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba kowa take turawa ƙauyuka ba, sai jajin da ta karantar da kanta ta naɗa mata malfa, don matan karkara su san daga ina karatun ya fito.

Inda tarihi ya tsaya

A nan sai mu yi adalci. Ingantaccen labari yana tabbatar miki cewa Annabi (SAW) ya rayu, ya zo da Alƙur'ani, ya faɗi kaza, ya aikata kaza. Gaskata cewa shi Manzon Allah ne kuwa yana buƙatar ki sa hankalinki a kan abin da labarin ya kawo, sannan Allah Ya buɗe zuciya. Abu Jahil ya gani da ido bai yi imani ba. Hiraƙla sarkin Rum ya yi wa Abu Sufyan tambayoyi tun yana maƙiyi, ya ji cewa ba a taɓa kama Annabi (SAW) da ƙarya ba, ya ce wanda bai yi wa mutane ƙarya ba ba zai yi wa Allah ba. Hujja ta kai masa, amma mulki ya riƙe shi. Nana Khadija (RA) kuwa, ranar da wahayi ya fara sauka, halinsa ta duba: sada zumunci, ɗaukar nauyin raunana, karrama baƙo. Daga nan ta yanke cewa Allah ba zai taɓe shi ba.

Maganar Hume kuma, tana tsayawa ne in an riga an ɗauka cewa babu Mai iko a kan al'adar halitta. Wanda hankalinsa ya kai shi ga cewa akwai Mahalicci, ba zai ga saɓa al'ada ya gagare Shi ba, sai dai ya nemi ingancin labarin. Babbar mu'ujizar Annabinmu ma ba ta wuce ba, tana kan allon ɗanki.

Abin yi a gida

Wannan ma'auni da muke kare addini da shi, mu fara sa shi a kanmu. Kin san takardar nan da ake kira wasiyyar Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Madina da ya yi mafarki? Da can kwafa ake yi ana rabawa a masallatai da tashoshin mota, yanzu ta koma WhatsApp: wanda ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi masifa za ta same shi. Kofe dubbai, amma tushe ɗaya, wanda ba a san shi ba. Malamai da dama, cikinsu har da Shaikh Abdul'aziz bin Baz, sun yi rubutu cewa ƙarya ce. Hadisin da ke gargaɗin wuta ga wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan kuwa, sahabbai sama da 60 suka ruwaito shi. Don haka:

1. In an ce "Annabi ya ce", ki tambaya: wa ya ruwaito, a wane littafi, malamai sun inganta shi?
2. Abin da ba ki tabbatar ba kada ki tura, kada ki faɗa a taron suna ko wurin wa'azi. Ki kai wa malama ko malamin da kika amince da iliminsa, ko ki roƙi maigida ya tambayo.
3. In za ki koya wa yara hadisi, ki haɗa da sunan sahabin da littafin. Arba'una ta Imam Nawawi ta isa mafari.
4. In ɗanki ko ƙaninki ya zo da shakka, kada ki zage shi ko ki kafirta shi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi yadda ya san ranar haihuwarsa da raka'o'in sallarsa, sannan ki haɗa shi da masani.
5. Labarin kishiya da na maƙwabciya ma ayar Hujurat ta shafe shi. Gidaje nawa "an ce" ta rusa?

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya tashe mu tare da Nana Khadija da Nana A'isha. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.